MU BUƊE MU GANI: Kubar ƙofa ta dace da mai koyon buɗe kwaɗo?

A wannan fili namu muna kwance abubuwan da muke amfani da su kullum don mu ga yadda suke aiki.

A makon nan wasiƙa ce ta zaɓa mana darasi. Wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare ya rubuto mana daga Makarfi. Ya ce ya ga bidiyo a wayar yayansa, inda wasu mutane ke zaune a gaban tebur suna buɗe kwaɗuna da kubobi ba tare da makulli ba, suna gasa kamar masu wasan dara, abin kuma ya shiga ransa. Ya ce kwanan baya mahaifinsa ya cire ƙofar katako ta ɗakin da suke ajiye buhunan masara ya sa ta ƙarfe, tsohuwar kubar kuwa tana nan a cikin kwali tare da makullanta biyu. Irin mai sakata mai kaurin nan ce. Tambayarsa ita ce: ta dace da mai fara koyo, ko ta fi ƙarfinsa? Ya ƙara da cewa wani abokinsa ya ba shi shawara ya bar ta, ya fara da ƙananan kwaɗunan da ke jikin akwatunan 'yan ajinsu, tunda sun fi sauƙi.

Matambayi ba ya ɓata. Amsarmu a taƙaice ita ce: kubar da ke cikin kwali za ta iya dacewa, in ta cika wasu sharuɗɗa da za mu kawo. Shawarar abokin nan kuwa a jefar da ita tun yanzu, za mu faɗi dalili.

Wace irin kuba ce wannan?

Kubobin ƙofa da muka fi gani iri biyu ne ta fuskar abin da ke riƙe ƙofar. Akwai mai harshe, wadda ake kira jamlok. Harshenta a karkace yake, kuma akwai sifirin a bayansa, shi ya sa da ka turo ƙofa sai ta rufe kanta. Sai kuma mai sakata, wadda a Turance ake kira dedbolt. Sakatarta ba ta da sifirin, bakinta a miƙe yake, kuma ba ta motsi sai an murɗa makulli daga waje ko an juya maɓallinta daga ciki. A masu kyau, sakatar tana shiga jikin firam ɗin ƙofa kusan inci 1. Wannan ne ya sa ta fi jamlok jure banka da ɓanɓara.

To ga abin da ya ruɗi ɗalibinmu. Ya ga kaurin sakata sai ya ɗauka dole ta yi wuyar buɗewa. Ƙarfin sakata daban, wuyar buɗewa daban. Sakata tana maganin mai zuwa da ƙarfi ne. Abin da ke tantance makulli, ya yarda ko ya ƙi, wani ɗan dunƙulen tagulla ne da bai fi babban yatsa ba sosai, wanda ake kira silinda, wato inda ake zura makulli. Za ka iya samun ƙatuwar kuba mai silinda mai sauƙi, ka kuma samu ɗan ƙaramin kwaɗo da zai gagari ƙwararre. Saboda haka duk mai son ya auna kuba, silinda zai duba.

Abin da ke cikin silinda

Silinda kashi biyu ce. Akwai gida, wanda ba ya motsi. Akwai ƙwaya a cikinsa, wadda ke juyawa tare da makulli. An huda ramuka a jere, yawanci biyar, daga gida suka zarce cikin ƙwaya. A kowane rami akwai abu uku: ɗan sifirin a sama, sai ƙaramar ƙusa ta sama, sai ƙusa ta ƙasa wadda makulli ke taɓawa. Ƙusoshin ƙasa tsawonsu ya bambanta da juna.

In babu makulli, sifirin yana danno ƙusoshin sama su gitta a tsakanin gida da ƙwaya, sai ƙwaya ta kasa juyawa. In aka zura makullin da ya dace, haƙoransa za su ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwado, yadda mahaɗar ƙusar sama da ta ƙasa za ta zo daidai kan iyakar da ke tsakanin gida da ƙwaya. Da zarar duka biyar sun hau wannan iyaka, babu sauran abin da ya gitta, sai ƙwaya ta juya ta ja sakata.

Ku ɗauka an ɗaura igiya a filin makaranta, an ce ɗalibai biyar masu bambancin tsawo su tsaya kawunansu su taɓa ta daidai, kada wani ya wuce, kada wani ya gaza. Dole a ba gajere doguwar kujera, a ba dogo gajeriya. Haƙoran makulli su ne waɗannan kujeru.

Akwai lissafi a nan ga masu son lissafi. In ramuka biyar ne, kuma kowane haƙori yana iya ɗaukar zurfi iri shida, adadin makullan da za a iya yankawa shi ne 6 sau 6 sau 6 sau 6 sau 6, wato 7,776. In zurfin iri goma ne, adadin ya zama 100,000. A aikace ba ya kai haka, domin ba a yanka haƙori mai zurfi ƙwarai kusa da marar zurfi sam, makullin zai riƙa maƙalewa.

Wannan tsari wani Ba'amurke ne mai suna Linus Yale ƙarami ya daidaita shi, ya yi masa rajista a 1861 da 1865, shi ya sa har gobe kuke ganin sunan Yale a jikin kubobi. Amma tushen dabarar ya girme shi nesa ba kusa ba. Mutanen Masar na dā sun yi kubar itace mai ƙusoshin da ke faɗawa cikin sakata, kuma Dogon da Bambara na ƙasar Mali suna sassaƙa irinta suna sa wa ƙofofin rumbunansu. Buzaye ma, a wajen Agadas, maƙeransu suna ƙera kwaɗon ƙarfe da tagulla na jakar fata, wani sai an bi da makulli biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya kafin ya buɗe.

Me ya sa take buɗuwa ba makulli?

Amsar tana cikin darasin fasaha da kuke yi a aji. Babu injin da ke huda ramuka biyar a kan layi ɗaya cif-cif. Dole a samu ɗan saɓani, wanda ido ba ya gani. Saboda haka in aka ɗan murɗa ƙwaya a hankali, ba duka ƙusoshin ne ke tare ta lokaci ɗaya ba. Guda ɗaya ce ke fara matsewa.

Kamar mutum biyar ne suka ɗauko azara a ka. Wanda ya fi tsawo shi nauyin zai fara sauka a kansa. In ya zame, nauyin ya koma kan mai bi masa a tsawo, haka har na ƙarshe. Mai wannan wasa yana lalubo ƙusar da nauyi ke kanta ne, ya ɗaga ta zuwa iyaka, ƙwaya ta ɗan gusa kaɗan ta riƙe ta a can, sannan ya nemi ta gaba. Aikin duk na yatsu ne da kunne da haƙuri. Wanda ya sa ƙarfi ya matse ƙusoshin gaba ɗaya, babu wadda za ta motsa.

Daga nan za ku gane cewa kubar da ta dace da mai koyo ita ce wadda ke gaya wa yatsunsa abin da ke faruwa a ciki. Ga tambayoyi biyar da za a yi wa kowace kuba kafin a ce ta dace.

Tambaya ta farko: ta waye, kuma tana kan aiki?

Masu wannan wasa a Turai suna da ƙungiyoyi. An kafa ɗaya a Jamus a 1997, wata kuma mai suna TOOOL a ƙasar Holan. Akwai ƙa'idoji biyu da masu wasan suka yi tarayya a kansu. Ta ɗaya, kada ka taɓa kubar da ba taka ba, sai da izinin mai ita. Ta biyu, kada ka yi gwaji a kan kubar da ake dogaro da ita, ko da taka ce.

Ƙa'ida ta biyun tana da dalili na aiki. Mai koyo yana iya lanƙwasa sifirin, ko ya karya bakin ƙarfe a cikin ramin makulli, ko ya juya ƙwaya ta maƙale. In a kan tebur ne, asarar kaɗan ce. In a ƙofar shagon mahaifinka ne a Ikara, daren da za a wayi gari kasuwa na ci, ka jawo wa gida kwana a waje ana gadi.

Kubar ɗalibinmu an cire ta daga ƙofa, ta tsallake ƙa'ida ta biyu. Saura ta farko. Kasancewarta a cikin kwali bai mayar da ita tasa ba. Ya je ya sami mahaifinsa, ya gaishe shi, ya ce: Baba, ina so a ba ni tsohuwar kubar nan in kwance ta in koyi yadda take aiki. In an ba shi, madalla. In an ce za a sa ta a wata ƙofa, magana ta ƙare.

Tambaya ta biyu: yaya makullinta yake?

Makulli shi ke tona asirin cikin kuba. In shimfiɗaɗɗe ne mai haƙora a gefe ɗaya kamar zarto, to mai ƙusoshi ce irin wadda muka bayyana, kuma ita muke nema. In dogo ne mai zagayayyen jiki da 'yar tuta a bakinsa, irin na ƙofofin azuzuwa da ofisoshi, cikinta faifan ƙarfe ne a jere, tsarinsu daban, ba a fara koyo da su. In makullin yana da 'yan ramuka a bayansa kamar an ɗiɗɗiga, ko bakinsa ya yi kusurwa huɗu da haƙora ta kowane gefe, irin na wasu ƙofofin ƙarfe na zamani, wannan na gaba ne, a bar shi tukuna. Akwai kuma kwaɗo mai araha wanda makullinsa ke da yanka iri ɗaya a gefe biyu, babu ƙusa ko ɗaya a cikinsa. Wannan ba ya koyar da komai, kuma ba ya tsare komai.

Tambaya ta uku: ƙusoshi nawa, kuma wane iri?

Ƙirga kwarin da ke tsakanin haƙoran makulli, za ka san yawan ƙusoshi. Huɗu ko biyar sun isa mai koyo. Shida ta fara nauyi. Ban da yawa, akwai siffa. Kubobi masu tsada ana sa musu ƙusoshin tarko, waɗanda aka sirance tsakiyarsu kamar kalangu. In mai laluben ya ɗaga irin wannan, ƙwaya za ta ɗan juya kamar ta buɗe, alhali ƙugun kalangun ne ya maƙale a kan iyaka. Ƙwararre yana jin daɗin wannan, amma mai koyo ruɗewa zai yi, ya kasa bambance kuskurensa da tarkon maƙera. Ba a ganin waɗannan daga waje, sai an kwance. Wannan ya kai mu ga tambaya ta gaba.

Tambaya ta huɗu: tana kwancuwa?

A nan ne kubar ƙofa ta yi wa kwaɗo fintinkau. Yawancin kwaɗunan kasuwa a rufe suke ruf, ba a kwance su sai an lalata su. Kuba mai sakata kuwa dogayen sukurori biyu ne ke riƙe da ita. In aka kwance su da sukudireba, silinda za ta fito a hannu, kuma ana iya zare ƙwayarta.

Amfanin wannan babba ne. Mai koyo zai iya kwashe ƙusoshin ramuka huɗu tare da sifirin ɗinsu, ya bar rami ɗaya kawai. Ya yi ta gwaji har yatsunsa su san yadda ƙusa ke ji in ta matse, da yadda take ji in ta hau iyaka. Sai ya mayar da na rami na biyu, sannan na uku, har ya cika biyar. Kuba ɗaya ta zama aji biyar ke nan. Da rarrafe yaro kan tashi.

Sai dai a kula wajen kwancewa. In aka zare ƙwaya haka kawai, ƙusoshin sama da sifirin za su yi tsalle su watse, kuma ɗan sifirin da ya faɗa cikin ƙasar tsakar gida ya tafi ke nan. Ana zura makulli ne a ɗan juya, sannan a turo ƙwayar waje da wani zagayayyen itace mai kauri daidai da nata, yadda itacen zai maye gurbinta ya tare na sama. A yi aikin a cikin babban faranti, a ɗauki ƙusoshin da matsefata, a jera su bi da bi a kan takarda mai lamba 1 zuwa 5. In suka cakuɗe, makullin ba zai sake buɗe ta ba sai an sha wuya. Karo na farko, ya fi kyau a yi shi a gaban mai gyaran kuba.

Doguwar silindar nan ta ƙofofin ƙarfe, mai ramin makulli ciki da waje, ta fi wuyar kwancewa da mayarwa. Akwai kuma kwaɗon koyo na roba mai haske da ake sayarwa ta intanet, wanda ake ganin cikinsa. Yana da amfani a ranar farko don a ga yadda ƙusoshi ke motsi, amma ido yake koya wa, alhali aikin na yatsu ne.

Tambaya ta biyar: tana da lafiya?

Kubar da ta shekara tana shan ƙurar hunturu da feshin damina tana iya cijewa. Gwada ta da makullinta. In yana shiga yana juyawa salin-alin, tana da lafiya. In sai an jijjiga, a wanke silindar da kananzir a bar ta ta bushe sarai, sannan a goga bakin fensir a jikin makulli a zura a zare sau da yawa. Baƙin fensir yana sa santsi ba tare da ya riƙe ƙura ba. Kada a ɗiga mata man gyaɗa ko man ja, domin suna daskarewa su haɗu da ƙura su zama ƙullu. In bayan wannan ba ta saki ba, ba ta dace da koyo ba, don mai koyo ba zai san ko hannunsa ne ko tsatsa ba.

Abu ɗaya da kwaɗo ya fi kuba shi ne daɗin riƙewa. Silinda ƙarama ce, tana zamewa. Maganin wannan shi ne a kai wa kafinta guntun katako ya huda ya ɗaura kubar a jiki kamar a ƙofa, a kafa shi a kan tebur.

Abin da ya sami abokinmu

Yanzu bari mu koma kan shawarar abokin nan, ta a fara da akwatunan 'yan aji. Muna da labari a kai, kuma a gabanmu aka yi shi.

Lokacin da muke makarantar kwana, akwai wani ɗan ɗakinmu mai basira ƙwarai. Shi ke gyara mana tocila da rediyo. Wata rana ya gano cewa ƙananan kwaɗunan akwatunanmu suna buɗuwa da lanƙwasasshiyar waya. Bai ɓoye ba, kuma bai taɓa ɗaukar ko ƙullin gari na kowa ba. Duk yaron da ya yar da makullinsa wurinsa yake zuwa, maimakon ya fasa akwati da dutse. Har muka sa masa suna Injiniya. Wani lokaci kuma, don raha, yakan buɗe kwaɗon wani ya mayar da shi a juye, mu yi ta dariya.

A zango na biyu sai kuɗin rajistar jarrabawar wani ɗalibi suka ɓace daga akwatinsa, kwaɗon kuwa yana nan a kulle lafiya lau. Babu wanda ya tsaya tambaya. Aka zazzage kayan Injiniya a gaban kowa, ba a ga kuɗi ba, amma an ga wayoyinsa. Aka ce ya je gida ya zo da mahaifinsa. Dattijon ya bar aikin gona ya zo, ya tsaya a gaban malamai kansa a sunkuye.

Bayan mako biyu gaskiya ta fito. Maƙwabcin gadon mai kuɗin ne ya zare makulli daga ƙarƙashin matashi lokacin da ya tafi wanka. An dawo da Injiniya, an ba shi haƙuri. Amma daga ranar, duk wanda ya nemi cokalinsa bai gani ba, shi yake fara kallo. 'Yan ɗaki suka riƙa jan akwatunansu nesa da gadonsa. Mu ma da muke ba ku wannan labari muna cikin waɗanda suka ja nasu, kuma har yau abin yana damunmu. Da shekara ta ƙare bai dawo makarantar ba.

Bai yi sata ba. Kuskurensa shi ne ya taɓa kwaɗon da ba nasa ba, ya kuma bari aka san shi da yawo da waya a aljihu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku tuna kuma cewa fasa gida ko shago babban laifi ne a dokar Penal Code ta Jihar Kaduna ta 2017, kuma tun kafin a kai ga kotu, kun san abin da kan biyo bayan ihun ɓarawo a kasuwa. Wanda aka kama yana lalube a ƙofar wani ba ya samun sararin bayyana cewa wasa yake yi. Saboda haka kayan wannan wasa a gida suke zama, da sanin iyaye. Ba a kai su makaranta, ba a sa su a aljihu, ba a nuna bajinta da su a dandali.

Wanda ya yi a fili ya ci riba

Ga labarin wani da ya bi ta ƙofar gaba. A 1784 wani maƙeri a Ingila mai suna Joseph Bramah ya yi rajistar wata kuba da ya ƙirƙira. Daga baya aka ajiye kwaɗo mai irin wannan tsari a tagar shagonsa a Landan, da alkawarin gini 200 ga duk wanda ya buɗe shi ba da makullinsa ba. Gini kuɗin zinare ne na Ingila, kuma ya samo sunansa daga gaɓar Gini ta nan Afirka ta Yamma, inda ake samo zinaren. Kwaɗon ya yi gomman shekaru ba wanda ya ci kuɗin.

A 1851, lokacin babban baje-kolin duniya na Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya karɓi ƙalubalen. Da yardar masu kamfanin ya yi, kuma an naɗa alƙalai masu sa ido. Ya kwashe awa 51, a cikin kwana 16, kafin kwaɗon ya buɗe, aka kuma biya shi. A wannan zuwa nasa ya buɗe kubar kamfanin Chubb ma, wadda Ingilishi ke taƙama da ita. Abin ya girgiza masu dukiya, ya kuma tilasta wa maƙera inganta aikinsu.

Ku lura da abu biyu. Hobbs ya nemi izini, ya yi aikinsa da sanin kowa. Sannan ƙwararre irinsa ya yi awa 51 a kan kwaɗo ɗaya. Bidiyon da kuke gani na daƙiƙa 30, ba a nuna muku watannin da mai shi ya yi yana gwaji.

Amsarmu ga ɗalibin Makarfi

In mahaifinka ya ba ka kubar, makullinta mai haƙoran zarto ne, ƙusoshinta ba su wuce biyar ba, tana kwancuwa, kuma tana juyawa lafiya, to ta dace, har ta fi sabon kwaɗon da za ka kashe kuɗin tararka a kansa. Kaurin sakatarta kada ya tsorata ka, ba da ita za ka yi aiki ba. In ka kwance ka tarar da masu ƙugun kalangu, ware su gefe ka fara da miƙaƙƙun. In makullinta mai tuta ne ko mai ɗige-ɗige, kwance ta ka kalli cikinta ka ƙaru, amma ka nemi wata don gwaji.

Ba mu zayyana kayan aikin ko yadda ake ƙera su ba, kuma da gangan ne. Wannan darasi ne na ido da ido. Nemi mai yankan makulli da gyaran kuba, a garinku ko a kasuwar Sabon Garin Zariya, ka je tare da mahaifinka ko yayanka. Ka gaishe shi, ka ce: Malam, ni ɗalibi ne, ina so in koyi yadda kuba ke aiki. Irin waɗannan masu sana'a ba sa rasa tsofaffin silindoji a gwangwani, kuma wanda ya zo da babbansa ya fi samun karɓuwa. In ka samu ya yarda ka riƙa zama wurinsa lokacin hutu, ka samu sana'a, ka kuma samu shaida a gari cewa a hannun wane ka koya.

'Yan mata ma wannan fili naku ne. Ɗalibar Hunkuyi ko Likoro ko Paki da ta fahimci cikin silinda ba za a sayar mata da kwaɗon banza don akwatinta ba. Kuma duk wanda ya san wannan zai iya taimakon gidansu. In za a sayi kwaɗon ɗakin ajiyar hatsi ko na injin ban-ruwa a fadama, shi zai duba makullin, ya duba kaurin marfin da za a rataya shi, ya tuna wa Baba cewa kwaɗo mai tsada a jikin ruɓaɓɓen katako asarar kuɗi ce. Mai sha'awar awo da ƙira irin wannan kuwa, hanya a buɗe take gare shi, daga masu ƙira na Panteka a Kaduna har zuwa sashen injiniya na Kwalejin Nuhu Bamalli ko Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Aikin gida

Na ɗaya, ka ɗauki makullinka na kanka, ka ɗora shi a kan takarda ka zana shi, ka ƙirga kwarin haƙoransa, ka faɗa mana wane iri ne cikin waɗanda muka lissafa. Na biyu, in silinda tana da ramuka shida, kowanne da zurfi iri shida, makullai nawa za a iya yankawa? A nuna yadda aka yi lissafin. A rubuta suna da aji da makaranta, a aiko ta hannun malamin fasaha ko na lissafi. Za mu buga sunayen waɗanda suka fara dacewa.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu kwance famfon tuƙa-tuƙa mu ga yadda yake jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Sai mun haɗu, a yi karatu lafiya.